Madarar Mai Fenti

Ku samarin da ke wucewa ta gaban garejinmu a Gusau kuna ganina zaune a tsallaken titi, ƙarƙashin dalbejiya, ina ɗaga murya kamar mai kiran fasinja, na san abin da kuke faɗi. Kuna cewa tsohon nan ya samu banza, gareji nasa amma ko tsintsiya ba ya ɗagawa a ciki. Wani cikinku ma ya taɓa gaya mini ido da ido, wai fentin mota ai danna kunamar bindigar fenti ne kawai, kowa zai iya. To ku matso. Ni ne Shehu, wanda ake kira Shehu Kala. Na fi shekara ashirin da bindigar fenti a hannuna, yau kuwa ba ni da ikon tsallaka titin nan in shiga rumfar da na kafa da kaina. Yadda aka yi haka zan ba ku, in ya so wanda ke ganin sauƙin aikin ya je ya danna.

Aikin farko da maigidana Malam Bawa ya ba ni a Tsafe, ƙofar wata tsohuwar a-kori-kura ce. Ya miƙo mini samfefa da bokitin ruwa, ya ce in goge. Na goge tun hantsi har azahar, na kira shi ina jiran yabo. Bai ko dubi ƙofar ba. Ya rufe ido, ya shafa ta da tafin hannu, ya ce, "Ga rami nan, ga tudu nan. Koma." Kwana huɗu na yi a kan ƙofar nan, har zanen yatsuna ya shafe. Shekara biyu cur ban taɓa bindigar fenti ba sai in zan wanke ta.

A wurinsa na koyi cewa fenti ba ya rufa wa kowa asiri. Duk ramin da ka bari a jikin mota, sheƙi zai nuna shi tun daga nesa. Kafin ka danna kunamar da kuke rainawa, ka cike lotsa da fila, ka goge, ka sake cikewa, ka liƙe gilasai da tsohuwar jarida, ka tace fentin da ƙyallen gidan sauro, ka yayyafa wa ƙasa ruwa don kada ta tashi. Tsakanin bakin bindiga da jikin mota taƙi ɗaya ne. Ka matsa kusa, fenti ya yi hawaye ya gangaro. Ka ja baya, ya bushe a iska ya sauka kamar yashi. Wuyan hannu ba ya lanƙwasa, daga kafaɗa ake tafiya. Bayan duk wannan wahala kuma, ƙuda ɗaya ya isa ya sauka a tsakiyar bonet ya yi iyo, ka koma farko.

Ranar da na fara fesa mota sukutum, wata tasi ce ruwan ɗorawa. Ina gamawa Malam Bawa ya ɗauko gwangwanin madara, ya huda shi wuri biyu da ƙusa, ya ce, "Shanye. Wanga shi na sabulun ƙirji." Na ɗaga kai na shanye. Wannan ita ce dokar sana'armu kamar yadda muka gaje ta. Mai fenti ya ɗaura hankici a hanci, ya yi feshi, ya sha madara ta wanke abin da ya shiga. Masu mota ma sun sani. Mutumin kirki ba ya kawo motarsa fenti hannu sake, sai da gwangwani biyu a aljihun babbar riga. Wanda ya zo ba madara, mukan san irin mutumin da muke hulɗa da shi. Ban taɓa jin wanda ya tambayi ta inda madarar ke bi ta kai ƙirjin ba, ni ma ban tambaya ba, don tana da daɗi.

Da na yi aure na dawo Gusau na kafa rumfata, matata Hajo ba ta buƙatar tambayata aikin da na yi. Hancina take dubawa. In na fyace ta ga kore, launin motocin hayar Bungudu, sai ta ce, "Yau motar Bungudu anka yi ke nan." Ita sana'arta turaren wuta, tana haɗawa tana sayar wa mata, gidanmu kullum da ɗan hayaƙi mai ƙamshi. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Sunan Kala kuwa masu mota suka sa mini. Ba mai zuwa ya faɗa maka lambar launi. Wani ya ciro hularsa ya ce irin wannan. Wani ya ce kalar goro in an tauna. Na taɓa haɗa wa wani malami launin da ya kwatanta mini da bayan ƙadangare, ya dawo ya ce ba jan kai yake nufi ba. Duk abin da ido ya gani, in ka ba ni gwangwanaye biyar da tsinke, zan fitar maka da shi.

Sai zamani ya kawo sabon fenti. Na dā shi da tina ne kawai, ka tsinka shi ka fesa, in ya bushe ka goge har ya yi haske. Sabon kuwa yana zuwa da ɗan gwangwani na biyu, hadina, wanda ake zuba masa don ya yi tauri. In ka fesa shi daidai, mota takan fito kamar an tsamo ta daga ruwa, ba goga ba komai. Masu mota suka rikice, kowa shi yake so. Ni ma na so shi, ba zan ɓoye ba. Na yi shekaru ina fesa shi a cikin rumfa, mun kewaye ta da tamfol don kada iska ta kawo datti, hazon fenti ya cika ciki har ba ka ganin mai tsaye kusa da kai. Hankici a hanci, madara a ciki, lafiya lau.

Shekarar da ta ɓaci mini ta fara ne da ɗan tari. Abin da ya rikita ni shi ne ba a gareji yake kama ni ba. Sai na tashi aiki lafiya, na iso gida wajen la'asar sakaliya, na zauna a tabarma, sannan ƙirji ya fara ɗaurewa, numfashi na fita da ƙara kamar an taka jelar kyanwa. Na duba hagu na duba dama, me ke gidan nan wanda babu shi a gareji? Kaskon turaren Hajo.

Na ce, "Hayaƙin ga naki shi ka kashe ni."

Ta ce, "Malam, shekara nawa muna tare da hayaƙin ga? Yau yas san ka?"

Na ce maganar ta ƙare, a kashe kasko. Ta kashe. Ta kwashe kayan haɗinta ta kai gidan maƙwabta, can take zuwa ta yi sana'arta kamar 'yar haya. Tari bai fasa ba. Na ce to lalle tana kunnawa in na fita. Na shiga shinshina labule da matashin kai kamar mai neman ɓera. Daga nan na kori kajinta daga tsakar gida, na sa aka canza katifa, na hana soya barkono. Abu ɗaya ne ban taɓa tuhuma ba, shi ne bindigata. Maimakon haka na ninka madara, daga gwangwani ɗaya zuwa uku. Na yi ƙiba, wuya ya cika, mutane na cewa Shehu Kala ya samu duniya, alhali ko masallacin unguwa ba na kaiwa sai na tsaya sau biyu.

Abokin aikina Lawali, mai bugun jikin mota, wanda rumfarsa ke jikin tawa, shi nasa bayanin daban ne. Ya ce, "Ciwon ga naka ya san kalanda. Ran Juma'a da ba mu aiki, garau kake. Ran Asabar ka dawo kana kukan kyanwa. Ƙiwuya ta, Shehu." Lawali irinku ne, tun muna samari yake cewa shi ke aikin maza da guduma, ni kuwa kwalliya kawai nake yi wa mota. Ya faɗi gaskiyar ciwona a cikin tsiya, daga ni har shi ba wanda ya lura.

Ana cikin haka aka tashi bikin ɗiyar yayan Hajo a Rawayya, lokacin kaka, muka je muka yi kwana goma ina taya su aikin dawa. Hajo ce mai turaren amarya. Ɗakin da aka sauke mu nan ta jibge kayanta, nan take gwada kowane haɗi, hayaƙi har yakan hana ka ganin ƙofa. Na buɗe baki zan yi magana, na tuna gidan surukai nake, na yi shiru ina jiran mutuwa. Mutuwa ba ta zo ba. Kwana uku tari ya ragu. Kwana bakwai ina ɗaukar damin dawa a ka daga gona har gida. Sai dai na lura duk lokacin da na shigo ɗaki Hajo takan ƙara garwashi.

A mota muna dawowa ta ce, "Malam, ina kyanwar taka? Na ji ta shiru."

Da mai hankali ne, a nan zai gane. Ni kuwa na riga na yi nawa lissafin. Kullum da safe a Rawayya wata Bafulatana na kawo mana madarar shanu mai ɗumi, ina shan ƙwarya guda. Na ce, "Madarar Rawayya ta. Ta gwangwani ce sunka lalata, ruwa sunka ƙara mata. Ga ta asali nan ta wanke ni tas."

Ta dube ni, ta dubi jarkar madarar da na riƙe tsakanin ƙafafuna, ta ce, "Allah shi ba da lahiya." Ta juya wajen taga.

Aikin da na tarar yana jirana shi ne bas ɗin Alhaji Sama'ila, mai jigila tsakanin Gusau da Tsafe. Ya zo da murfin kwanon shan mahaifiyarsa, wani shuɗi mai zurfi da ɗan kore a ƙarƙashinsa, ya ce irin wannan yake so, kuma kafin Sallah. Yini guda na yi ina haɗa launin nan. Da na ɗiga shi a gefen murfin, Alhaji ya kasa nuna inda nawa ya fara. Sati biyu muka yi muna shirya jikin motar. Ban taɓa gyara ƙarfe ya kwanta kamar wannan ba.

Ranar feshi na sa Hajo ta nemo madarar shanu ta tafasa ta zuba mini a fulas. Na sha kofi biyu tun kafin in fara, don a riga ciwo isa. Aka ja tamfol, aka tada injin iska, na zuba hadina, na ɗaura hankici. Na yi rufi, na yi gaba da baya, na shiga gefen dama. Hannuna bai taɓa tafiya kamar ranar ba. Fentin na kwanciya sumul, ina ganin fuskata a ciki. Wajen tayar baya na ji kyanwar ta farka, ba ta ma jira na koma gida ba. Na ce bari in ƙarasa gefen nan. Na ƙarasa. Na zagaya zan fara hagu, sai na nemi iska na rasa. Ina ja, ba ta shiga. Ina turawa, ba ta fita. Na tuna na miƙa hannu wajen fulas ɗin madara, ku ji wauta. Lawali ne ya ji injin na ta aiki ba ƙarar feshi, ya ɗaga tamfol ya same ni durƙushe. A bayan babur ya kai ni asibiti, wani na riƙe da ni ta baya. Na ji tsoro ranar, tsoron da ban taɓa ji ba.

Bayan kwana biyu, da numfashi ya dawo, likitar ta zo ta zauna. Mace ce mai fara'a, ba ta gaggawa. Ta sa na hura wani bututu har sau uku, sannan ta tambayi yadda abin ya fara. Na fara kawo mata maganar turare, sai Hajo da ke gefen gado ta yi gyaran murya.

Ta ce, "Likita, in faɗi?" Ta jero shi tsaf. Ran Juma'a lafiya. Satin Sallah lafiya. Kwana goma a Rawayya cikin hayaƙi lafiya. Ranar da ya dawo gida da hanci mai launi, ranar kyanwa ke kuka. Ashe duk watannin nan tana lura, ni ina shinshina labule.

Likita ta ce, "Baba, matarka ta yi mini rabin aikin. Me kake zubawa a fentin?"

Na faɗa mata. Ta gyaɗa kai, ta ce asma ce, amma irin wadda aiki ke jawowa. Ta ce jikin mutum na da masu gadi a hanyoyin iskar huhu. Shekara da shekaru sinadarin da ke cikin hadina yana wuce su, har wata rana suka shaida shi, suka riƙe shi a matsayin ɓarawo. Daga ranar, ko ƙyas suka ji alamarsa sai su tada hankali. Hanyoyin su kumbura, naman da ke kewaye da su ya matse, majina ta cika sauran wurin. Wani lokaci nan take, wani lokaci sai bayan sa'o'i, shi ya sa nawa ke jira in isa gida. Ta ce, "Ka san karen da aka taɓa jifa? Ko sunkuyawa ka yi ɗaukar takalmi sai ya yi haushi. Haka ƙirjinka ya zama."

Na ce, "To Lawali hwa? Bango guda gare mu, shi ma shina shaƙa."

Ta ce ba kowa yake kamawa ba, kuma ba wanda zai iya faɗa maka tun farko wa zai kama.

Sai na kawo babbar hujjata. Na ce, "Amma likita, ina shan madara. Ta shanu ma, ba ta gwangwani ba."

Ta ajiye biro. Ta yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta kasa. Ta nuna wuyanta ta ce, "Baba, hanya biyu ce a nan. Madara ta bi ta ciki, fenti ya bi ta huhu. Tun da kake sha ba su taɓa haɗuwa ba." Hajo ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Shekara ashirin da wani abu ina aika mai wanki gidan da ba a kira shi ba.

Ta ba ni abin shaƙa iri biyu, na kullum da na lokacin da ya taso. Sannan ta faɗi abin da ban so ji ba. Ta ce hankici da takunkumin takarda ba sa tare wannan sinadarin. Akwai takunkumi na gaske da ya kamata masu feshi su sa, da rumfa mai fitar da iska, amma wannan don wanda jikinsa bai riga ya shaida abin ba ne. Ni nawa ya wuce nan. In na bar shi yanzu, ƙirjin zai iya samun sauƙi sosai. In na ci gaba, wata rana babur ba zai kai ni a kan lokaci ba.

Kun san ban yarda nan take ba. Da aka sallame ni na jira sati uku, na ɗaura takunkumi biyu da rawani a kai, na shiga rumfa wai in tsaya kawai in ga ana haɗa fenti. Ban taɓa bindiga ba. Kafin a gama juya gwangwani kyanwa ta yi sallama. Na fito da gudu ina laluben abin shaƙa a aljihu, na tsallaka titi, na zauna ƙarƙashin dalbejiyar nan. Ban sake komawa ba. A daren, a'a, tun da yamma na je da kaina gidan maƙwabta na ɗauko wa Hajo kaskonta. Ta karɓa ta ce, "Kaji hwa?" Su ma na saya mata wasu. Ta dai koma kunna turaren a ƙofar kicin, don likita ta ce ƙirji mai ciwo ba ya son hayaƙi ko da ba shi ne mai laifi ba, kuma har yau in ta ɗora garwashi sai ta kalle ni.

Yanzu idona ke aiki. Masu feshin da ke rumfar sukan ɗiga launi a murfin gwangwani, in ya bushe a tsallako mini da shi, in ce a ƙara baƙi ɗigo biyu. In iska ta juyo wajena, in ja kujera. Na yaye tamfol ɗin nan na gefe biyu, kuma ba wanda ke ɗaga bindiga a rumfata ba takunkumi mai tace iska a fuskarsa. Suna ƙorafin zafi, ina ce musu zafi ya fi babur ɗin Lawali daɗi. Masu mota har yanzu suna zuwa da madara a aljihu. Ina karɓa in yi godiya, Hajo na yi mana shayi da ita.

Bas ɗin Alhaji Sama'ila kuwa, Sallah ta matso ina kwance, shi kuma yana son motarsa. Lawali ya ce ai launi na nan a haɗe, saura danna kunama, kowa zai iya. Ya ɗauki bindigata ya yi gefen hagu. Ya matsa kusa a wani wuri, ya ja baya a wani wuri. Hawaye ya gangaro daga ƙarƙashin kowace taga, sauran jikin ya fito kamar ɓawon lemo, ga ƙuda biyu da suka kwanta dama a kan ƙofar direba. Alhaji ya zagaya motar sau biyu, ya ce to, fasinja dai ta dama suke shiga. Tun ranar Lawali bai sake kiran aikina kwalliya ba.

Motar tana nan tana aiki, ta titin nan take bi. Da safe in ta ɗauko hanya, gefen dama ne ke fuskantar dalbejiyata. Shekaru sun ja, rana ta dake ta, amma shuɗin nan na murfin kwano bai dushe ba, ba hawaye ko ɗaya tun daga fitila har tayar baya. Shi ne feshi na ƙarshe da na yi a duniya, kuma shi ya fi duk sauran kyau. Duk wanda ke zaune kusa da ni sai na taɓa shi na ce duba can, nawa ne. In ta wuce nakan bi ta da ido har ta sha kwana, hannuna na dama yana motsi daga kafaɗa ba tare da na sa shi ba.

Da yamma in ta dawo, gefen Lawali take nuna mini. Lokacin nake sunkuyawa gyaran takalmi.